Tsatsa a Ƙafar Tankin Masallacinmu: Rubutun Aiki Daga Hunturu Zuwa Damina

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Bayan sallar la'asar ladanmu ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce, "Malam, zo ka ga wani abu, tunda kai ne mai koyar da kimiyya." Ya kai ni gindin ƙarfen da ke ɗauke da tankin ruwan masallaci, ya durƙusa, ya sa makullin babur ɗinsa ya ƙwaƙuli ƙafar da ke gefen kwata. Wani ɓawo ya ɓanɓaro, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro, baƙi-baƙi ta ciki, ja ta waje, hawa-hawa kamar ɓawon albasa. Na murza shi da yatsa, ya zama gari.

Shekara goma sha biyu ke nan da kafa ƙarfen, tun lokacin da aka haƙa mana bohol. Ƙafa huɗu ne na ƙarfen angul, wato mai kusurwa, tsayinsa kusan mita 6, a samansa baƙin tankin roba mai cin lita 5,000. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Ke nan idan tankin ya cika, tan biyar ke zaune a kan ƙafafun nan. A ƙarƙashinsa kuma jama'a ke tsugunawa su yi alwala sau biyar a rana, nan ne kuma 'yan Islamiyya ke cincirindo idan an tashe su.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, wanda ya tsaya daga nesa ba zai ga komai ba. Shuɗin fentin da aka shafa shekara uku da suka wuce yana nan yana sheƙi tun daga sama har gwiwa. Ɓarnar duk tana cikin taƙi ɗaya na ƙasa, daidai inda ƙarfe ya nutse cikin kankare.

Da daddare kwamiti ya zauna, aka ɗora mini duba lamarin. Zan riƙa rubuta abin da muka yi da ranar da muka yi shi, don waɗanda za su sa kuɗinsu su san inda ya tafi.

Talata, 14 ga Janairu

Na aro ma'aunin kaurin ƙarfe a wurin wani abokina bakanike. Na kankare fenti a tsayin ƙirji na auna: milimita 6, kamar yadda aka sayo shi. A gindi kuwa, bayan na bubbuge ɓawon da guduma har na iske ƙarfe mai ƙara, ƙafafu biyu na gabas sun ba ni milimita 5 da ɗan kai, ta arewa maso yamma 4. Ta gefen kwata ba ta kai 2 da rabi ba, kuma a lungun kusurwarta kan ƙusa ya shige ya ɓulla ta baya.

Dalilin a bayyane yake ga wanda ya tsaya minti goma yana kallo. Famfunan alwala uku a jikin ƙafafun yamma aka ɗaure su, duk wanda ya buɗe sai ruwa ya fantsama musu. Kankaren da aka binne ƙafafun a ciki ya lotsa ta tsakiya, ya zama kamar akushi, ruwa na kwanciya a ciki dare da rana. Ga shi idan an manta ba a kashe injin sumo mai turo ruwa daga bohol ba, tanki ya cika ya tumbatsa, ruwan ta jikin ƙafar kwata yake gangarowa.

Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun haɗu a kansa. A Kano, da tsakar ranar hunturu, laimar da ke cikin iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ita kuwa tsatsa ba ta yin sauri sai laima ta haura wajen kashi 60. Shi ya sa saman ƙarfen ya yi shekara goma sha biyu lafiya lau: damina kaɗai yake jiƙewa, rana ta fito ta busar da shi. Gindinsa kuwa bai taɓa ganin rani ba.

Na roƙi ladan kada a ƙara cika tankin fiye da rabi, kuma a hana yara zama a ƙarƙashinsa.

Asabar, 18 ga Janairu

Zaman kwamiti ya ɗan yi zafi. Wani dattijonmu, wanda shi ya fi kowa sa kuɗi lokacin haƙa bohol ɗin, ya ce, "Malam, ƙarfe ne fa, ba kara ba. A sayo fenti galan ɗaya a shafe, a huta." Na ce, "Baba, ka ba ni kwana takwas, in nuna maka abu da idonka." Ya amince.

Na tattaro kwalabe takwas masu murfi, na sayi ƙusoshi 'yan inci uku, na goge kowace da samfefa har ta yi fari, don masana'anta kan shafa musu ɗan mai. Ta farko na sa ta a busasshiyar kwalba na rufe. Ta biyu na nutsar da ita cikin ruwan bohol ɗinmu. Ta uku na jingina ta, rabi a ruwa rabi a waje. Ta huɗu cikin ruwan da na tafasa sosai don iskar cikinsa ta fita, na zuba man gyaɗa a sama ya toshe. Ta biyar ruwan gishiri. Ta shida ruwan da na dama siminti a ciki na bari ya kwanta. Ta bakwai na naɗa mata wayar jan ƙarfe ta lantarki, ta takwas kuma na fasa tsohon batirin tocila na yanko ɓawonsa, wanda tutiya ce, na matse shi a jikinta. Waɗannan biyun na ƙarshe duk a ruwan gishiri na sa su.

Na jera su a tagar sito, na liƙa wa kowace lamba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Gani ya kori ji. Bayan azahar muka taru a gaban tagar, har da yaran da suka riƙa leƙe duk mako.

Ta busasshiyar kwalba tana nan fes. Ta ruwan da aka tafasa aka rufe da mai ita ma kusan haka, alhali kwana takwas tana cikin ruwa tsundum. Wannan ya ba mutane mamaki, domin kowa ya ɗauka ruwa shi kaɗai ne ke cin ƙarfe. Ta ruwan bohol ta yi ja, ruwan ya koma kalar shayi. Ta gishiri ta fi ta, har gari ya kwanta a gindin kwalbar. Ta ruwan siminti ko ɗigo babu.

Baba ya ɗauki kwalba ta uku ya daɗe yana juya ta. Wani zobe mai kauri na tsatsa ya zagaye ƙusar daidai bakin ruwa, samanta ƙalau, can ƙasanta da sauƙi. Ya ce, "To ai wannan ita ce ƙafar tankinmu." Haka ne kuwa. Inda jiƙaƙƙen wuri ya yi iyaka da busasshe, nan iska ke samun ruwa a sauƙaƙe, nan kuma cin ya fi tsanani.

Biyun ƙarshe su na fi so a gani. Ƙusar da aka naɗa wa jan ƙarfe ta fi duk sauran lalacewa, wayar kuwa ko gezau. Wadda aka matsa wa tutiya ta fito fara tas, tutiyar ce ta yi fari-fari tana zagwanyewa. Na yi musu bayani da batirin da na fasa: duk lokacin da ƙarfe iri biyu suka taɓa juna a cikin ruwa, musamman mai gishiri, sun zama ƙaramin batir, lantarki na gudana a tsakaninsu, ɗaya na cinyewa ɗaya na tsira. Tsakanin baƙin ƙarfe da jan ƙarfe, baƙin ne ke cinyewa. Tsakanin baƙin ƙarfe da tutiya, tutiyar ce ke fansar sa da kanta. Dalilin ke nan da ake tsoma kwanon rufi da fayif ɗin ruwa cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450. Ba sabon ilimi ba ne. Tun a 1824 wani masani a Ingila, Humphry Davy, ya liƙa guntayen tutiya da na baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen da ake lulluɓe ƙasan jiragen ruwan yaƙi da shi, don ruwan teku ya ci guntayen ya ƙyale jirgin. Har gobe ana ɗaura wa jiragen ruwa irin waɗannan dunƙulen tutiya.

Baba ya ce a kira mai walda. Shi ya fara ajiye nasa gudummawar a wurin ma'aji.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mun zazzage tankin, matasa shida suka sauko da shi da igiya. Za mu yi kamar mako biyu muna dogara da 'yan garuwa da wasu durom biyu da maƙwabci ya ara mana.

Da tankin ya sauka sai wasu abubuwan suka fito fili. Fayif ɗin da ke saukar da ruwa na ƙarfe ne mai rufin tutiya, an ɗaura masa makunnin tagulla, dangin jan ƙarfe. Mai gyaran famfo ya sa sifana zai kwance, fayif ɗin ya karye a hannunsa daidai bakin makunnin. Na ɗauki guntun na duba. Wurin da aka yanka wa haƙoran ɗauri ne ya cinye, domin yankan ya kwashe tutiyar wurin, ya kuma rage kaurin ƙarfen, sannan aka haɗa shi baki da baki da tagulla a cikin ruwa. Kwalba ta bakwai ke nan. Cikin fayif ɗin kuwa wasu ƙuraje ne jajaye suka tsiro, har ramin da ya kamata babban yatsa ya shige ya koma ɗan ƙaramin yatsa ma da ƙyar. Ashe ƙarancin ruwan da muke ta ɗora wa injin sumo laifinsa, ga inda yake.

Irin wannan haɗin ya taɓa cin babban mutum-mutumin nan na 'yanci da ke bakin ruwan birnin New York. Fatarsa jan ƙarfe ce, ƙasusuwan da ke riƙe da ita baƙin ƙarfe. Abin da aka sa a tsakani don raba su ya lalace da tsufa, ruwa ya shiga, baƙin ƙarfen ya yi ta kumbura. Tsakanin 1984 da 1986 sai da aka cire sandunan ɗaya bayan ɗaya aka maye su da ƙarfen da ba ya tsatsa, dangin wanda ake cokula da kwanukan silba da shi. Idan masu wancan aiki sun faɗa wannan rami, ban ga laifin wanda ya ɗaura mana makunni ba.

Roba ma ba ta tsira ba. Farin fayif ɗin roba da ke hawa da ruwa daga bohol, gefensa da ke kallon rana ya koɗe ya yi gari-gari, na lanƙwasa wani guntu ya ɓalle kamar busasshen kara. Gefen da ke cikin inuwar ƙarfe kuwa da sauran danƙonsa. Hasken rana ne ke tsinka robar a hankali. Tankin kansa bai yi haka ba, saboda baƙin garin da ake cuɗa robarsa da shi yana tare hasken. Mun yanke shawara fayif duka na roba za mu sa, mu binne abin da zai binnu, wanda ke sarari a shafe shi da fenti.

Talata, 11 ga Fabrairu

Mai walda ya zo da yaransa biyu da janareta. Mutum ne mai sauraro. Ya tokare ƙarfen da manyan fayif, yana yanke ƙafa ɗaya ya gama da ita kafin ya taɓa ta gaba. Santimita 60 muka cire daga kowace, har masu sauƙin ciwon, don kada a dawo aiki biyu.

Mun ɗan yi musu a kan abu biyu. Shi so yake ya sake binne sababbin ƙafafun cikin kankare kamar da, ya ce haka kowa ke yi, kuma ni da bakina na nuna wa jama'a cewa siminti na kare ƙarfe. Na ce gaskiya ne, wanda ke can ciki a lulluɓe yana karuwa, amma wuyan da ya fito fa? Ƙarfe ya fi kankare saurin ɗaukar zafi da miƙewa idan rana ta buga, sai ɗan siririn tsagi ya buɗe a zagayen ƙafar, ruwa ya shige ya ƙi fita. Muka tsaya a kan cewa birkila zai zuba dakali huɗu masu tsayin santimita 30, samansu a gangare kamar hular kwano, a dasa notuna a ciki, kowace ƙafa a yi mata faranti a ɗaure ta a sama, inda ido zai riƙa ganin ta.

Na biyun shi ne ƙananan farantan da ke haɗa ƙafafu da sandunan gicciye. Na da ɗin ɗigo-ɗigo aka yi musu walda, aka bar tsakaninsu a buɗe. Da muka ɓamɓare ɗaya, tsatsa ta cika tsakanin har ta tura farantin ya bauɗe. Na roƙe shi ya zagaye kowane da walda, kada ya bar ƙofar da ruwa zai bi. Ya ce wannan zai ƙara cin kaya da lokaci. Kwamiti ya ƙara masa kuɗi.

Wani yaron nasa na gani zai yi walda a kan guntun fayif mai tutiya, farin hayaƙi na tashi yana shaƙa. Na ce ya dakata. Ya ce ba komai, Malam, madara zan sha. Hayaƙin tutiya na sa zazzaɓi da ciwon jiki cikin dare, madara kuma ba ta hana shi. Abin yi shi ne a gurje tutiyar wurin tukuna, a yi aikin a sarari, mutum ya ba iska baya.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kwana biyar muna kankara. Wannan ne aikin da ba wanda ke so, shi ne kuma aikin. A wurare da dama shuɗin fentin nan mai sheƙi ya ɗago kamar fatar ƙuna, ƙarƙashinsa ja wur. An shafa shi ne a kan tsatsa ba a kankare ba. Tsatsa kuwa kamar soso take, tana riƙe laima, fentin da aka ɗora mata sai ya zama bargo, ɓarna na ci gaba a ɓoye. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Matasan unguwa suka yi karo-karon ƙarfi, da burushin waya da samfefa da injin gurza. Ƙa'idar da na kafa ita ce duk inda aka kankare ya yi fari, a ranar za a shafa masa jan fentin farko, kada ya kwana tsirara. Mai fentin da muka ɗauko ya so ya tsinka fentin da fetur don ya yaɗu, na hana, na sayo tina, ruwan tsinka fenti, na ce kaɗan zai sa. Fenti kaurinsa ne amfaninsa. Da sassafe muke shafawa, kafin ƙarfe ya ɗau zafi, domin da rana saman fentin ke bushewa ya bar cikinsa ɗanye. Ƙura ta dame mu, sai muka riƙa yayyafa ruwa a ƙasa nesa da ƙafafun kafin a fara.

Jan fenti shafi ɗaya, shuɗi shafi biyu, kwana guda a tsakanin kowane. Daga faranti zuwa gwiwa kuma muka bi da baƙin fentin kwalta. Na fi sa ido a kan kusurwoyi da bakin ƙarfe da kan walda, don nan fenti ke zamewa ya bar wurin da ɗan siriri.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Tanki ya koma sama, ruwa ya dawo kafin azumi, alhamdu lillahi. Famfunan alwala mun matsar da su mita biyu zuwa jikin katanga. Bakin tumbatsar tankin kuma mun sa masa dogon fayif da ya miƙe waje ya zuba a kwata, kamar yadda magabata ke sa indararo don ruwan soro ya faɗi nesa da gindin bango. A ganina waɗannan biyun sun fi duk fentin da muka shafa.

Asabar, 15 ga Maris

Ba mu yi niyyar taɓa komai cikin azumi ba, sai ga wani dunƙulen kankare kamar rabin bulo ya faɗo daga rufin simintin da ke saman banɗakuna. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Rodi uku sun bayyana, jajaye, sun kumbura. Mun rufe banɗaki biyu.

Laraba, 9 ga Afrilu

Bayan sallah muka koma kan rufin. Na bi shi da ƙaramar guduma ina ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen wuri ƙara yake "ƙal-ƙal", wanda ya rabu da rodi ta ciki kuwa sai ka ji "fof" kamar ganga. Na zagaye irin waɗannan da alli, suka kai wuri bakwai.

Wani ya tambaye ni, ba kai ka ce siminti na kare ƙarfe ba? Na zo da amsar a 'yar kwalba: maganin gwajin da muke kira finolftalin, wanda ɗalibai ke ɗigawa a ɗakin gwaje-gwaje. Sabon kankare yana da kaifi irin na toka da kanwa, wajen 12 zuwa 13 a ma'aunin pH, wannan kaifin ne ke sa wata siririyar fata ta rufe rodi ta hana shi tsatsa. Amma iskar kabon da ke yawo a sarari tana kutsawa cikin kankare shekara da shekaru tana kashe kaifin, daga waje zuwa ciki. Birkila ya sare mini sabon wuri da cizal, na fesa maganin. Can ciki ya yi ja-ja mai haske nan take, alamar kaifi na nan. Daga fata zuwa zurfin kusan santimita biyu kuwa bai canja launi ba ko kaɗan. Rodinmu a zurfin santimita ɗaya yake, wani wurin ma bai kai ba. Lokacin zubi ba a ɗaga shi daga kan katako ba, ga alama kuma yashi ya yi wa simintin yawa, don da farce ana iya ƙwaƙule shi.

Sauran bayanin kowa ya gan shi da idonsa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma, ninki biyu har fiye, sai ta tura kankare ta tsaga shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwa ya bi tsagin, tsatsa ta ƙaru, tsagi ya ƙara buɗewa. Gadar Morandi da ta rufta a birnin Genoa na Italiya ranar 14 ga Agusta, 2018, ta kashe mutum 43, cikin abin da masu bincike suka gano har da wayoyin ƙarfe da suka cinye a cikin kankaren da ya lulluɓe su, inda ba mai gani.

Mun sare duk wuraren bakwai har bayan rodi, yadda yatsa zai zagaya shi, muka goge shi, inda ya sirance aka ƙara sabo aka ɗaure. Aka cike da kwaɓi mai siminti sosai, kaurin santimita uku a kan ƙarfe, muka yi mako guda muna jiƙa shi safe da yamma da buhunan algarara. Saman rufin kuma aka yi masa gangare, don da can ruwa kwanciya yake yi.

Asabar, 24 ga Mayu

Hadari ya fara haɗuwa, sai na zagaya sauran ƙarafan masallaci. Ƙofar sito ta cinye daga ƙasa, gefe ɗaya kawai. Na tambaya, ladan ya tuna cewa bara da bara waccan wani bawan Allah ya ajiye buhunan takin zamani a wannan lungun har wata huɗu. Takin NPK gishiri ne iri-iri, yana kuma jan laima daga iska ko ba a yi ruwa ba. Duk manomin da ya bar burbushinsa a bayan a-kori-kura ko a jikin garma ya san abin da yake yi. An yanke ƙasan ƙofar an sa sabon ƙarfe.

Ƙanena da ke aiki a Fatakwal ya zo gida, na hau da shi ya ga kwanon rufin masallacin, wanda ya haura shekara ashirin, tsatsa sai ɗigo-ɗigo a bakin ƙusoshi da inda kwano ya hau kan kwano. Ya ce a can, da ruwan sama kusan duk shekara da iskar teku mai gishiri, irin wannan kwanon ba ya kai haka, shi ya sa masu hali ke komawa na alminiyon. Mu rani ne ke yi mana rabin aiki. Shi ma alminiyon ɗin yana da nasa makashin, kanwa. Uwargidana ta daɗe da sanin cewa tukunyar da aka saba dafa wake da kanwa a ciki takan yi baƙi ta yi ƙananan ramuka. Abin da ya kare ƙusa a kwalba ta shida, irinsa ne ke cin tukunya.

Asabar, 5 ga Yuli

An yi ruwa mai ƙarfi sau huɗu. Na je da asuba bayan na daren jiya. Dakalan huɗu sun tsane, ba inda ruwa ya kwanta. Facin rufin banɗaki bai nuna jiƙa ba.

Asabar, 16 ga Agusta

Yau na ga abin da ban so gani ba: wani jan zare ya gangaro a kan shuɗin fenti, daga wajen mita uku, a gefen tsani. Na hau na bi shi har tushensa. Sandunan tsanin guda biyu fayif ne masu rami, bakinsu na sama a buɗe. Mun kankare bayansu, mun shafe su shafi uku, ban taɓa tunanin leƙa cikinsu ba. Kuskurena ne, domin ni na zagaya da alli na nuna wuraren aiki. Damina goma sha biyu ruwa na shiga ta sama ba shi da mafita, yanzu ya huda ta wurin waldar wani mataki yana tsiyaya.

Mai walda ya zo da yamma ya huda ƙaramin rami a gindin kowace sanda. Baƙin ruwa mai wari ya yi ta zuba, ya kusa cika bokitin fenti. Da ya ƙwanƙwasa, mita ɗaya na ƙasa ƙararsa ta mutu. Mun ɗaure tsanin da jan ƙyalle, ba mai hawa. A wannan watan iska cike take da laima, ƙarfe ba ya bushewa sosai ko da rana ta fito, duk fentin da aka shafa yanzu laima zai rufe a ciki. Mun toshe bakin saman da murfin roba, sauran sai ruwa ya ɗauke.

Na kuma ga ɗigon tsatsa a kan notuna biyar na faranti, inda sifana ta ɓare fenti lokacin ɗauri. Na goge su na cika su da giris.

Asabar, 6 ga Satumba

Na sake aunawa a wuraren da na yi wa alama a sababbin ƙafafu, milimita 6 ɗin na nan. Ma'aji ya ce abin da ya rage a asusu zai isa ƙarfen sabon tsani, amma ban da kuɗin aiki da fenti, za a sanar ranar Juma'a. Mun yarda da mai walda cewa na angul za a yi, wanda ba shi da cikin da zai ɓoye ruwa, kuma da noti za a ɗaura shi don a iya sauke shi a duba. Mun sa aikin a makon ƙarshe na Oktoba, idan iskar gabas ta fara kaɗawa. Kafin nan zan bi sandunan gicciye na can sama ɗaya bayan ɗaya, domin biyu daga cikinsu bakinsu sama yake kallo, kuma na hango ƙasa da ganyen darbejiya sun taru a ciki.

Kwalaben suna nan a tagar sito, malamin Islamiyya ya roƙa a bar masa su. Tutiyar kwalba ta takwas ta kusa ƙarewa, jiya na ga ɗigon ja na farko a kan ƙusar. Zan yanko wani ɓawon batirin in matsa mata gobe, yara su ga ko zai tsaya.